Mai Lasar Bangon Tsohon Masallacin Tumbeni

In an sallame sallar asuba a tsohon masallacin Tumbeni, kowa da inda yake nufa. Masunta su gangara su duba ko teku ta janye, masu gonar kanumfari su haura tudu, mu da muka ajiye aiki mu baje a dakali muna jiran mai gahawa. Fundi Pandu Jecha ne kaɗai ba ya fita (Fundi muke ce wa gwanin sana'a a nan). Yakan zauna a wurinsa, sahu na biyu ta hannun dama, har sai gari ya waye yadda zai iya ganin zanen tafin hannunsa. Sannan ya miƙe, ya ciro tsohon mabuɗin da ke rataye a wuyansa, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa a hankali yana kara kunne. Duk inda sautin bai kwanta masa ba, sai ya goga yatsa a wurin ya kai bakinsa.

Daga nan aka sa masa suna Mai Lasar Bango, kuma ba don girmamawa aka sa ba.

"Fundi, yau gishirin ya ji ko a ƙaro?" Vuai masunci kan tambaya daga bakin ƙofa, kusan kullum, sai ka ce ranar ya ƙirƙiro maganar.

"Ya fi na miyar gidanka," in ji Fundi, ko waiwayowa ba ya yi.

In ya gama da bango sai ya zagaya wurin alwala, ya leƙa 'yan kifayen da ake ajiyewa a ruwan don su cinye 'ya'yan sauro, ya tsame ganyen da ya faɗa, ya ɗauki tsintsiya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye. Shi ya sa na ga gara a rubuta wani abu tun yana raye yana ji, don mu mutanen Tumbeni mun fi iya yabon mutum in an riga an sa shi a makara.

Masallacin nan ya girmi duk abin da ke tsaye a garin, in ban da kukar da ke bayansa. A cikin mihrabi, inda liman ke tsayawa, akwai rubutu da aka sassaƙa a dutse, da tsohon hannun nan mai kusurwa wanda ko malamanmu sai sun yi da gaske suke karantawa. Layi huɗu ne a da. Na farko Bisimillah, na biyu aya, na uku shekarar da aka gina shi, fiye da shekara ɗari bakwai ke nan, na huɗu kuwa sunan maginin. Dattawa sun ce a wancan zamani nan birni ne sosai, jiragen fatake na zuwa da iskar arewa su koma da ta kudu. Birnin ya tafi, ya bar mana rijiyoyi biyu da wasu kaburbura masu ginshiƙi da awaki ke shan inuwa a gindinsu. Masallacin ne kaɗai ba a taɓa daina sallah a cikinsa ba. Har yau in masunci zai shigo ta tsakanin duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, farin bangon nan yake saitawa da kukar, in sun hau layi ɗaya ya san ya sami hanya. Don haka ko wanda ba ya zuwa jam'i yana da abin da ya haɗa shi da bangon.

Da dutsen teku aka gina shi, da farar ƙasa aka ɗaure shi, kuma farar ƙasar ce sana'ar Fundi. Ba haƙo ta ake yi ba. Dutsen tekun ne dai ake tarawa a kan itacen kwakwa a cinna wuta, ya kwana biyu yana ci, sannan a zuba a rami a cika da ruwan rijiya a rufe da ganye. Sai kuma jira. Ta wata shida ta isa shafen ɗakin girki. Ta bangon masallaci kuwa sai ta shekara uku a ƙalla, ruwa bai taɓa ƙafewa a kanta ba. Al'adar maginan wannan masallaci ita ce kowa da ramin da na gabansa ya bar masa yake fara aiki, shi ma kafin ya tafi ya cika wa na bayansa. Fundi Pandu da ramin maigidansa, Fundi Makame, ya fara, yana ɗan shekara talatin da uku.

Shekara tara da suka wuce ƙanwar Fundi, Bi Mtumwa, ta rasu. Ɗanta Nassor, wanda ya daɗe yana aiki a Maskat, Allah kuma ya buɗa masa, ya dawo da niyya mai kyau. Ina so a riƙe wannan, niyyar mai kyau ce. Yana so ya yi wa mahaifiyarsa sadaka mai gudana: a shafe masallacin da siminti ciki da waje, a yi masa fentin mai, a manna tayil a bangon alƙibla. Aka taru a gindin mangwaron ƙofar masallaci, kowa sai sa albarka yake yi. Fundi ya bari aka gama, sannan ya gyara murya.

"Dutsen nan daga ruwa aka ciro shi, kuma bai manta ba. Da damina yana sha, da rani yana fitarwa. Farar ƙasa tana barinsa ya yi gumi, gishirin ya fito waje in kankare. In kuka rufe shi da siminti, gishirin zai zauna a ciki ya ci shi."

"Haba Kawu," in ji Nassor yana dariya, "dutse ne fa, ba jariri ba. Na yi sallah a masallatai da yawa a can, ban ga wanda ake lasa ba."

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce tsoho tsoro yake kar a raba shi da karin kumallonsa. Ni ne magatakardan kwamitin masallaci a lokacin, kuma ni ma na yi dariyar, har da tafa hannu. Na ce, "Fundi, zamani ya canja, a bar masu ilimi su yi aikinsu." Ni na rubuta shawarar, da kyakkyawan hannun nan da na shekara talatin ina koya wa yara a makaranta. Aka ba Shaame magini, ɗan garin nan, jagorancin aikin. Tsohon ramin farar ƙasa da ke bayan masallaci aka cike shi, aka yi wurin jingine kekuna. Fundi kuwa aka bar masa shara da kifayen wurin alwala.

Matarsa Bi Mwatima ta ce ranar ya dawo ya ci rogonsa da kifi. Washegari ya ɗauki gatari ya nufi inda tsofaffin kwakwa suka faɗi. Da ta ga ya fara tara dutse yana haƙa rami a bayan gida, sai ta kasa haƙuri.

"Baban Riziki, an fa kore ka. Wa kake ƙona wa dutse?"

"Mutane ne suka kore ni. Bango bai ce komai ba tukuna."

"To, madalla. In bayanka ya ƙage sai bangon ya zo ya gasa maka."

Kowace shekara, da an gama tsinkar kanumfari, sai ya ƙona tari guda ya cika sabon rami. Ruwan ramukan shi ke ɗebowa daga rijiya, bokiti bibbiyu. Maƙwabta sun ga hayaƙin, sun ga dattijo da bokiti, suka ce tsufa ne ya zo masa da wuri.

Shekarar farko masallacin ya yi kyau, kar in yi ƙarya. Har daga wasu garuruwa ake zuwa ɗaukar hoto. Masunta ne kawai suka yi guna-guni, don koren fentin waje ya saje da itatuwa, Vuai ma sau biyu yana goga cikin jirginsa a dutse. A shekara ta biyu fenti ya fara kumbura daidai gwiwa. A ta uku, in ka yi sujada a sahun gaba sai ka ji wani wari-wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Fundi bai fasa zagayensa ba, ko da yake yanzu babu abin lasa sai fenti. Mabuɗin ne ke gaya masa, don sautin fanko yana ta hawa sama a hankali. Sau uku ya gaya wa Liman Ussi. Sau ɗaya ya tare ni a hanya, na ce masa za a duba, na wuce abina.

A shekara ta huɗu, wata Juma'a, Liman na tsakiyar huɗuba, wani falle na siminti mai faɗin tabarmar sallah ya ɓanɓaro daga gefen mihrabi da tayil ɗinsa, ya faɗo dab da kafaɗarsa. Salati ya kaure. Da ƙura ta lafa muka ga abin da ke baya. Ba dutse ba ne kuma, gari ne fari yana zubowa kamar an huda buhun garin rogo.

Aka kira injiniya daga birni, wata mata mai suna Bi Zuhura, ba ta da yawan magana. Ta soka ƙarfe a bangon, ya shige har rabi. Ta ce hanya biyu ce. Ko a rushe bangon alƙibla gaba ɗaya, da mihrabinsa da rubutunsa, a ta da na bulo. Ko a kankare simintin duka a cike da tsohuwar farar ƙasa kafin babbar damina, wadda saura mako bakwai ta sauka, don in ruwa ya sami bangon a haka zai zube da kansa.

"Sai dai fa wadda ta shekara uku a rami nake nufi," in ji ta. "Sabuwa tsattsagewa za ta yi. Ita kuwa ba a sayar da ita a kasuwa, kuma ban san mai yin ta ba yanzu."

Ba a gayyaci Fundi taron ba. Kowa ya san gidan da hayaƙi ke tashi duk shekara, ba kuwa wanda ke so ya fara faɗa. Vuai ne, da yake ba shi da kunya tun asali, ya ce, "To jama'a, waye zai je ya gaishe da Mai Lasar Bango?" Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara takardu.

Nassor ne ya je. Da ya ji labari a waya, kwana uku ya iso. Bi Mwatima ta ce ya tsaya a bayan gida da farar rigarsa mai guga, ya rasa ta inda zai fara.

"Kawu, na zo ne in ce..."

"Ka ci abinci?"

"Kawu, ni fa alheri na nufa wa Mama."

"Na sani, Allah ma ya sani." Fundi ya janye ganyen da ke kan rami na farko, ya soka sanda ya ɗago. Farar ƙasar ta biyo sandar sumul, da kaurin madarar kwakwa ta tatsar farko. "Wannan ta shekara huɗu, waccan uku. Sauran ba su nuna ba, kar wanda ya taɓa su. Cire rigar nan ka ɗauki bokiti. Uwarka ba ta iya tsayawa tana kallon mutane suna aiki ba."

Iyakar faɗan da ya yi masa ke nan.

Doka biyu ya kafa. Guduma ba za ta je kusa da mihrabi ba, yashin bakin teku kuma ba zai shiga kwaɓi ba, sai na rafi wanda aka wanke. Aka fito da wuƙaƙen girki, da cokula, da wayoyin ƙafar keke. Masunta suka raba kansu, rabi teku rabi bango, mata suka ɗauki ɗibar ruwa. Nassor bai koma Maskat ba sai da aka gama, farar ƙasa ta cinye masa fatar hannu har ba ya iya riƙe kofin gahawa. Shi kuwa Fundi sai ya shafa ɗan siririn shafe, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ce a dawo bayan kwana uku. Mu da muka saba da siminti mai kamawa kafin la'asar, abin ya ishe mu. A mako na biyar hadari ya fara haɗuwa ta kudu, Liman ya kasa zama.

"Fundi, don Allah a ɗan ƙara sauri. Kana ganin sama kuwa?"

"Allah ya gafarta Malam, ka gaya wa farar ƙasar. Ni ma ita nake jira."

A mako na shida aka zo kan rubutun. Layi ukun sama zagaye su aka yi da tayil, sun tsira. Na huɗu kuwa, da yake yana can ƙasa kuma ya ɗan shafe, Shaame ya bi ta kansa da siminti a wancan lokaci don layin tayil ya miƙe. Fundi da kansa ya zauna masa da wayar keke, yini biyu. Da fallen ya saki, sai ya taho da fuskar dutsen manne a bayansa, ta kuma ruguje a hannunsa. Sunan mutumin da ya gina masallacin nan ya zama gari a kan tabarma.

Ina wurin. Shaame, ƙaton mutum mai jikoki, ya juya wa jama'a baya, kafaɗunsa na rawa. Fundi bai iya karanta wannan hannun ba, amma shekara talatin da biyu yana share shi da gashin kaza, yatsunsa sun san kowace lanƙwasa. Sai ya ce a ba shi tsintsiya da faranti. Ya share garin tas, ya juye a cikin kwaɓin farar ƙasa, ya shafe gurbin da shi.

Nassor ya ce akwai hoton rubutun da wasu masu bincike suka ɗauka da daɗewa, a nemo mai sassaƙa ya mayar da shi.

"A'a," in ji Fundi. "Mai wannan hannun ya riga mu gidan gaskiya, ba za mu yi masa ƙarya ba. A bar wurin haka. Duk wanda ya zo da buhun siminti nan gaba, ku kamo hannunsa ku nuna masa."

Ruwa ya sauka kwana biyu bayan an ɗauke buhun ƙarshe, ya yi kwana tara yana zuba. Bango ya sha, rani ya zo ya fitar, Fundi ya kankare gishirin. Damina biyar ke nan yana tsaye, fari fat, masunta na saitawa da kuka.

Fundi, kai ne aka yi wa dariya a gindin mangwaro ka koma gida ka ɗauki gatari. Kai ne ka shekara huɗu kana ɗaukar ruwa saboda mutanen da suka cike maka rami, ba ka kuma taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba, ko da yake mun yi ta jira ka faɗa mu huta. Gwanin farar ƙasa, magajin Makame. Layi ukun da suka rage a mihrabin nan kai ka tsare su. Na huɗun da ya tafi mu muka ɓatar, kuma da hannuna a ciki. Na daɗe ina jin kunyar wannan, yau na faɗa a gaban jama'a.

Yanzu Fundi shekararsa saba'in da huɗu. Kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa, yanar ido ta rufe masa guda ɗaya. Shaame ne zai karɓi mabuɗin, bayan shekara biyar yana bin sa yana kwaɓi ana yi masa faɗa kamar sabon shiga. Amma a watan jiya sai ga hayaƙi ya sake tashi a bayan gidan Fundi. Na je na same shi zaune a kan kututture yana nuna wa Shaame yadda za a rufe sabon rami.

"Fundi, wannan kuma sai yaushe?"

"Shekara uku ta yi amfani. Biyar ta yi daɗi."

"Kai da za ka ajiye aiki ƙarshen watan gobe?"

"Malam, duk karatunka har yanzu ba ka gane ba? Wadda na fara aiki da ita ba ni na binne ta ba. Wannan ma ba tawa ba ce." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Abin da take so ruwa ne kawai, kar ya ƙafe. Ni kuwa bokiti ya fi ƙarfina yanzu. Bayanka lafiya?"

Bayana ba lafiya ba, duk garin nan an sani. Na ɗauki bokitin.

Mun gode, Fundi Pandu Jecha. Allah ya saka maka da gida a Aljanna, ya jiƙan Makame da ya koya maka, ya jiƙan maginin da muka goge wa suna. Ku kuma da kuke karantawa daga nesa, da wuya a ce garinku babu wani dattijo da ake yi wa dariya don ya ce kar a taɓa wani tsohon abu. Kafin ku ɗaga hannu a taro, ku je ku tambaye shi dalili, ku kuma tsaya ku ji amsar. Mutanen Tumbeni kuwa ba wa'azi kuke buƙata ba. Ramin yana bayan gidansa, rijiya tana kusa da makaranta, bokiti biyu suna rataye a jikin itacen lemo.

Jiya, bayan jama'a sun watse daga sallar asuba, na tsaya a gaban gurbin nan da babu rubutu. Fundi na zaune a wurinsa yana jan carbi, na ɗauka ba mai kallona, na goga yatsa a bangon na kai baki. Ashe Vuai na bakin ƙofa.

"Malam, ya ji ko a ƙaro?"

Na buɗe baki zan rama, sai na ga Fundi ya juyo da idonsa mai gani yana kallona. Ba dariya yake ba, amsa yake jira da gaske.

"Babu gishiri, Fundi," na ce.

"To, alhamdu lillahi."

Ya gyara zama ya ci gaba da jan carbinsa. Gari ya waye sosai, mabuɗin yana nan a wuyansa, kuma a karo na farko cikin shekara arba'in da ɗaya bai tashi zagaye ba.